Takalmi Ɗaya a Bakin Rami

Tunda muka zo Dubai ban taɓa sakin hannun 'yata a waje ba. A unguwarmu ta Muraqqabat ko lif za mu shiga sai na damƙe ta, har maigidan yakan ce, "Ke kam goya ta za ki yi har jami'a." Amma ranar da muka je garin Hatta shan iska, ina zuba shinkafa a faranti, na ɗago kai, babu ita.

Na bi bayan wata gonar dabino ina ƙwala mata kira. Can na tarar da wani rami kamar bakin rijiya, an ɗora masa ragar ƙarfe duk tsatsa, ruwa na gudu a ƙasa. Takalminta ɗaya na gefe. Na durƙusa na leƙa, ban ga komai ba sai duhu da sanyi.

Ihuna ne ya fito da wani dattijo daga gonar, da sanda, da kyamara a wuya. "Shwaiya, shwaiya, ya binti," yake ta cewa da Larabci, wato in bi a hankali. Maigidan ya iso yana haki, ya shiga fassara. Wai falaj ne, hanyar ruwa da mutanen zamanin da suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Wai tun yana saurayi yake shiga da fitila yana ɗaukar hoto, yana tambayar tsofaffi, har ya yi littafi.

Na ce, "Don Allah, Baban yara, ni 'yata nake nema, ba tarihi ba!"

Dattijon ya ɗauki takalmin, ya tambaya ina ɗayan. Sai ya yi dariya ya nuna gangare da sanda. Ashe yaran garin sukan jefa abu ta ragar, su ruga inda ruwan ke ɓullowa su jira shi.

Can muka same ta, tsugune tsakanin jikokinsa mata, riga jiƙe sharkaf, ɗaya takalmin a hannu.

"Umma, ya riga ni zuwa!"

Na ɗaga hannu zan make ta, sai kawai na zauna daɓas a cikin ruwan ina hamdala.

Dattijon ya ce shi ludayin mahaifiyarsa ya jefa yana yaro, bai fito ba, neman sa ne ya fara kai shi ciki. Da za mu koma na sake duba ragar nan. Ko kan kyanwa ba zai shiga ba.