Turaren Juma'a da Shuɗin Kwaɗo

Shekarata ta biyu a birnin Lyon na Faransa aka ba ni aikin kula da kwaɗi masu dafi a ɗakin binciken jami'a. Ni da na taso ina jifan kwaɗi a tabkin garinmu, sai ga ni ina yi musu hidima safe da yamma. Ƙanana ne, ba su wuce babban yatsa ba, wasu shuɗɗa, wasu ruwan ɗorawa.

Da farko tsoronsu nake ji ƙwarai. Dattijuwar da ke koya mini aikin ta yi ta dariya, ta ce dafin daga tururuwar dajinsu na asali suke samunsa. Na nan kuwa ƙudaje ake ba su, don haka sai launin kawai ya rage. Ta gargaɗe ni dai in riƙa sa safar hannu, domin fatarsu tana shanye duk abin da ya taɓa ta. Na ji da kunne ɗaya.

Akwai wani shuɗi da na fi so. Namiji ne, yana goye da ƴaƴansa biyu a baya, waɗanda ko ƙafafu ba su fitar ba tukuna, yana nema musu ruwan da zai ajiye su.

Wata Juma'a, Alhajin da nake zaune a gidansa a unguwar Minguettes, ɗan kasuwa daga Damagaram, ya shafa mini turare mai maiƙo a tafin hannu, kamar yadda ya saba. Na biya ta wurin aiki kafin masallaci, na tarar shuɗin ya maƙale a bakin ƙofar akwatin gilashin da suke ciki. Ina sauri, na ɗauke shi da hannu na mayar da shi kan ganye.

Da na dawo bayan la'asar ya sandare.

Dattijuwar ta zaci sanyi ne, har ta fara duba na'urar ɗumi. Da na yi shiru, da shi ke nan. Na miƙa mata hannuna ta sunsuna. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ta sa cokali ta kwashe ƴaƴan daga bayansa, ta zuba kowane a ƙoƙonsa.

"Yanzu kai ne ubansu," in ji ta.

Ɗaya ya mutu a sati na biyu. Ɗayan na rene shi har ya fitar da ƙafafu, ya yi shuɗi.

Juma'ar da ta biyo bayan mutuwar uban, Alhaji ya buɗe kwalbar turare, na ɓoye hannuwana a baya na miƙa masa kafaɗar riga.

"Mi ya samu hannun, Malam?"

"Dafi gare shi, Alhaji."