Sandar Sitiyarin da Na Lanƙwasa

Shekaru sun ja, amma muddin ina cikin hankalina ba zan manta da safiyar da aikin hannuna ya kusa sa a harbe bappana ba. Ni bakanike ne, garejina yana unguwar Bolari a cikin Gombe, kuma lokacin da abin ya faru na haura shekara goma sha biyar ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Saboda haka ba zan fake da rashin sani ba, girman kai ne da gaggawa suka haɗu mini.

Lokacin rikicin nan ne ya yi tsanani, ana ta da bam har a tashoshin mota na cikin gari, kowace hanyar fita daga Gombe kuwa akwai shingen sojoji. Duk direba ya haddace dokar shinge: ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi, kada ka taɓa waya, ka bi tsakanin durom-durom ɗin yashi a hankali. An fi sa wa a-kori-kura ido, don da irinta 'yan ta'addan da ke ɓuya a daji suke kawo hari. Motar da ta yi wani motsin da ba a zata ba a bakin shinge, ba a tsayawa tambayar direbanta dalili.

Bappa ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya kama hannuna ya kai ni koyon aiki. Sana'arsa sayen wake da riɗi a ƙauyuka, yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu. Da manyan tituna suka zama abin tsoro sai ya koma bin hanyoyin daji, inda cikin motar yake ta gogar ƙasa a duk kwazazzabon da aka shiga. Ya kawo mini ita ya ce in ɗaga masa ita sama. Na ƙara mata sifirin, ƙarafan nan da jikin mota ke zaune a kansu, na sa dogayen shokazoba da manyan tayoyi. Da na sauke ta daga jak ta tsaya ƙerere, har masu keke suna rage gudu suna kallo, ni kuwa kaina ya kumbura.

Sai dai ɗaga mota ba ya ƙarewa a nan. Akwai wata sandar ƙarfe da ke haɗa akwatin sitiyari da ƙafar gaba, ita ke tura taya hagu ko dama in direba ya murɗa. Yadda aka ƙero motar, a kwance sandar take. In ka ɗaga mota, akwatin ya hau sama tare da jikinta, ƙafa tana nan ƙasa, sai sandar ta karkace, ta kuma gaza tsawo. Hanya biyu ce a gabana. Ko in sayo wani hannun ƙarfe na musamman da ake ɗaurawa a akwatin, mai sauko da sandar ta koma kwance, ko kuwa in yi irin tamu ta gareji, in yanka sandar in ƙara mata tsawo da walda, in gasa ta in lanƙwasa har ta kai.

Na fara zuwa wurin mai sayar mana da kayan mota, wani ɗan kabilar Ibo da aka haifa a unguwar Herwagana, wanda in yana Hausa daga bayan labule ba za ka ce ba Bagombe ba ne. Ya ce ba shi da hannun, sai an aiko daga kudu, kuma yadda hanyoyi suke sai an yi kamar mako biyu.

"Mako biyu? Bappa jibi yake son fita, wakensa na can a tsakar gidan mutane, ga hadari ya fara haɗuwa. Zan lanƙwasa ta kawai."

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. "Injiniya, kada ka yi. A kan kwalta lafiya lau za ka ji ta. Amma ranar da taya ɗaya ta hau tudu, sandar nan za ta ture ta gefe, motar ta tuƙa kanta. In ba za ku iya jira ba, ka sauke motar yadda take da."

Na yi dariya na ce, "Oga, kai sayarwa ka iya, ɗaurawa tamu ce. Ka taɓa riƙe sifana ka kwance noti?"

"Ban taɓa ba," in ji shi, "amma na ga waɗanda suka dawo sayen gilashi da fitila bayan sun yi irin wannan aikin."

Maganarsa ta ɗan taɓa ni, amma na kakkaɓe ta. Sauke motar yana nufin in ce wa Bappa aikin da aka yi ta yabo ya tashi a banza, ni kuma bakina ba zai iya furta haka ba. Da yamma muka yi aikin da mai walda na kusa da mu. Ya yi kyau a ido, har fenti baƙi na shafa masa.

Washegari na fita gwaji, kuma a nan na yi kuskure na biyu, wanda duk bakanike zai gane shi. Mu in muna gwada motar mutum, lallaɓa ta muke yi kamar mun ɗauko ƙwai. Hannu ya saba da kauce wa rami, ƙafa ta saba da neman inda ya fi santsi. Na bi kwalta har unguwar Madaki na dawo, sitiyari bai ko girgiza ba. Motar da aka ɗaga don daji, ban hau ko tudu ɗaya da ita ba. Bappa ya tambaye ni, "Ɗana, ta yi?" Na ce, "Bappa, ko makaho ya tuƙa ta."

Ya ce in raka shi tafiyar farko, ni in ja. Muka fita da hantsi. A shingen bakin gari sojoji sun gitta wani kututture a titi don tilasta wa motoci rage gudu, kuma a karkace yake, sai taya ɗaya ta riga ɗaya hawa. A hannun dama akwai tarin buhunan yashi, soja biyu a bayansu. Na yi duk abin da doka ta ce, na sa giya ɗaya, na sauke gilashi. Tayar hagu tana hawa kututturen sai na ji sitiyari ya fizge daga hannuna, motar ta yi tsalle ta nufi buhunan nan kai tsaye.

Na taka birki da duk ƙarfina. A daidai lokacin na ji ƙarar bindiga sau ɗaya. Motar ta tsaya, hancinta ya kusa taɓa buhu. Na waiga na ga Bappa a zaune, hannuwansa biyu a sama, bakinsa yana motsi da salati. Harsashin ya shigo ta tagarsa ya fasa rufin motar, tsakaninsa da hularsa bai kai tafin hannu ba.

Aka fito da mu aka kwantar rub da ciki a kan tsakuwa. Tsoho mai furfura, wanda ko ni ban taɓa ganin kansa babu hula ba, ga shi kwance a titi, hular ta gangara can, bindiga a ƙeyarsa. Na ji tsoro ƙwarai, amma kunyar ta fi tsoron. Ban ga laifin sojan da ya harba ba a ranar, yau ma ban gani ba. Mota irin wannan ta nufo ka a zamanin nan, me za ka yi?

Babbansu ya zo, wani dogo mai tsagen fuska, ya sa aka caje motar, ba a sami komai ba sai buhunan wofi da igiya. Ya tsaya a kaina ya ce, "Kai direba, me ya sa ka yi kan yarana?"

"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne. Motar ce ta juya da kanta."

"Mota ta juya da kanta." Ya maimaita a hankali, babu alamar wasa a fuskarsa. "To tashi ka nuna mini. Ka koma baya ka sake hawa, hannuwanka biyu a waje ta taga. Tsohon yana nan a wurinmu. In ta tafi daidai, ka san ƙarya ka yi."

Na shiga motar. Tun da na fara aiki, kullum addu'ata ita ce gyarana ya yi kyau a gaban mai mota. Ran nan kuwa roƙon Allah nake yi da zuciya ɗaya aikina ya nuna lalacewarsa a gaban kowa, don in sandar nan ta yi abin kirki sau ɗaya, ban san abin da zai sami Bappa ba. Na saki kuloci a hankali, hannuwana a waje. Taya ta taɓa kututture ta fara hawa, sai ga sitiyari yana juyawa dama shi kaɗai, kowa yana gani. Na taka birki.

Babban sojan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya daɗe yana kallon waldar, ya kankare fentin da farce, sannan ya miƙe ya sa aka ɗaga Bappa aka miƙa masa hularsa.

"Baba, wane ne ya yi maka wannan aikin?"

Bappa ya sunkuyar da kai yana kakkaɓe hula. Na san shi, ba zai yi ƙarya ba, kuma ba zai tona ni ba ko za a kwana a nan. Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Ni bakanike ne. Bappana ne."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya nuna sojan da ya yi harbin. Ya ce, "Da harsashin nan ya sauko kaɗan, wa za a ce ya kashe tsohon nan? Shi za a ce. Shi zai kwana da abin har ya mutu, kai kuwa kana gareji ana kiran ka injiniya." Ya ce mu juya mu koma gari, kada ya sake ganin motar a titi sai an gyara.

Muka dawo Bolari a giya ɗaya. Na koma wurin mai kayan mota na ce a aiko da hannun. Bai ce ai na faɗa maka ba, ya dai tambayi lafiyar tsohon. Kayan suka iso bayan kwana goma sha biyu, ruwa ya riga ya taɓa rabin waken. Da na ɗaura, sai da na kai motar bayan gari na bi da ita ta kan kowane tudu da rami da idona ya gani, ni kaɗai a ciki.

Bappa bai taɓa yi mini gori ba, har yau ni nake gyara masa mota. Amma tun daga ranar kunnensa na dama bai ƙara ji ba, ƙarar harbin ta tafi da shi. Duk sanda na je gaishe shi na manta na zauna ta wannan gefen, sai ya ce, "Ɗana, zagayo ta nan," in tashi in zagaya. Abin da na koya ke nan: birki da sitiyari ba wurin gwada basira ba ne, kuma aikin da ba ka gwada shi a inda zai iya ba ka kunya ba, ba ka gama shi ba. In ka ƙi jin kunyar kai kaɗai a bayan gari, wani ne zai ɗauki sakamakon a jikinsa, kuma sau da yawa wanda ya fi yarda da kai ne.