Yatsan da Ya Shayar da Bakwaini

Kullum da safe sai yayata ta tsoma hannun dama a ruwan ɗumi kafin ya yarda ya motsa. Ni ke ɗaura mata agogo, ni ke buɗe mata kwalbar man zafi, tana hararata kamar ni na jawo mata. Daga nan ta rataya jaka ta nufi ɗakin bakwaini na asibiti, inda ta shekara ashirin da bakwai tana aikin jinya.

Aikin nata ba na a-zo-a-gani ba ne. Jaririn da bai iya tsotso ba, ana tatso nonon uwarsa a zuba a sirinji, a tura ta siririn bututun da ke hancinsa. In aka gaggauta, nonon ya dawo ya shaƙe shi. Sai dai a ɗora babban yatsa a dinga dannawa kaɗan-kaɗan, minti ashirin kan jariri ɗaya, ga gadaje goma sha biyu. Uwaye har rigima suke a kan ita za ta ba nasu. Wata ta taɓa ce mini, "Yayarki ko numfashi ba ta yi sai ɗana ya yi."

Ciwon ya fara ne a gindin yatsan, ya haura wuyan hannu. Likita ya ce gaɓar ta cinye, jijiyar ta kumbura, saboda danna abu ɗaya shekara da shekaru. Ya ce ta huta. Ta ɗaura bandeji ta koma aiki. Ni na gaji da yi mata faɗa, ita ma ta gaji da ji.

Watan jiya yatsan ya ƙage tana tsakar ba wata 'yar jaririya, ya saki da ƙarfi, nonon ya tafi lokaci guda. Yarinya ta ƙware, ta yi ta tari, Allah ya kiyaye. Babu wanda ya gani. Da ƙafarta ta je wurin shugabar ɗakin.

"Sista, ki cire ni daga shayarwa."

"Haba Yaya, saura miki shekara uku ki yi ritaya. Ki ɗan lallaɓa mana."

"Da 'ya'yan mutane zan lallaɓa?"

Ta dawo gida ta zauna a bakin gado, ko takalmi ba ta cire ba. Ban taɓa ganin ta gaji haka ba, sai da na yi kuka.

Yaya, ke ce kika raini ɗaruruwan jarirai da yatsa ɗaya, ke ce kuma kika kai ƙarar kanki ranar da ya gaza. Na gode miki a madadin waɗanda suka girma ba su san ki ba, Allah ya saka da alheri. Masu aikin hannu, in ciwo ya fara ku je a duba da wuri, in hannun ya kasa ku faɗa da bakinku kamar yadda ta yi.

Jiya ta yi sallama da ɗakin. Ta tsaya a kan sabuwar nas tana ba jaririyar nan, tana ce mata, "A hankali, ƙara sassautawa," hannunta na dama a cikin aljihu, har sirinjin ya ƙare.