Gorar Baba Rabo: Bugu Ɗaya a Shekara Talatin

Kowane jajibirin kasuwar Gaya, bayan sallar asuba, Baba Rabo yakan zauna a ƙofar gidansa a Yelu ya shafa wa gorarsa man kaɗanya, a hankali, daga kai har gindi. Matan da ke kai gishirin Foga kasuwa su taru da jakunansu, ya faɗa musu maganar da suka riga suka haddace: "In an tare mu, a sauke kaya, kowa ta koma bayana." Shekara talatin yana raka su ta kurmin giginya. Bana kamiyo, wato babbar motar kaya, ya fara ɗaukar su, shi ma gwiwa ta gaji, ya ajiye aikin.

Ni tun da na bar lakwal, wato makarantar boko, nake yawo tsakanin tasha da bakin kogi da wuƙa a ƙugu, ina jiran wanda zai taka ni. Shi ya sa tsohon nan ya tsaya mini a rai. Kowa na tsoron gorarsa, amma ban sami wanda ya ga yana faɗa ba. Sai na tambayi Inna Zuwera, wadda ta fi kowa daɗewa a tafiyar.

Ta ce, "Sau ɗaya ya taɓa bugu, kuma a gabana."

Shekarar da fara ta cinye gero, mutum biyu da adduna suka tare su a kurmi. Baba ya ce, "Ga gishiri, ku ɗauka." Inna ta ce haushi kamar ya kashe ta. "Na ce, Rabo, ashe gorar taka ta korar kaji ce? Ko kallona bai yi ba."

Ɗaya ya kora jaki ya yi gaba. Ɗayan ya hango munduwar azurfa a hannun Madina, surukar Inna, da cikinta wata bakwai. Hannu ya kumbura, munduwa ta ƙi fita. Ya ja, ya sake ja, sai ya ɗaga adda ya auna wuyan hannun. Inna ba ta ga tashin gora ba, ƙararta kawai ta ji. Adda ta faɗi, mutumin ya durƙusa riƙe da karyayyen hannu. Baba bai ƙara ba. Ya ɗaure masa hannun da rawaninsa, bai kuma bi jaki ba. Gishiri ya tafi, Madina ta isa Gaya da hannayenta biyu.

Na je har Yelu na tambaye shi, "Baba, a ƙiftawar ido, yaushe ka yi shawara?"

Ya yi dariya. "A kurmi ake shawara, ɗana? A nan na yi ta, ina shafa mai. Kullum nakan ce wa kaina: kaya a'a, zagi a'a, jikin mutum i. Wanda ya bari sai tsoro ya zo, tsoron ne zai zaɓa masa." Ya nuna ƙuguna da haɓa. "Kai fa, taka ta mece ce?"

Na kalli wuƙar, na yi masa sallama na tafi.

Baba, kai ne ka jure gorin mata don kada a zubar da jini a kan gishiri. Kai ne ka san inda bugu ke farawa da inda yake tsayawa. Bangon matafiya, mun gode. Allah ya huta da gwiwarka, ya sa ka gama lafiya.

Ƴan uwana samarin tasha, kafin ɗayanmu ya soke ƙarfe a ƙugu, ya zauna ƙofar gida ya amsa tambayar Baba. Ni har yau ban gama amsa ta ba. Wuƙar tawa tana wurin Inna Zuwera, tana yanka albasa da ita, ta ce ba ta ma da kaifi.