Kawu Sale da Turancin Haɗari

Ku da kuka zauna da Kawu Sale a Ƙofar Ran kun san ba a neman shawararsa a samu "yi" ko "bari". Sai ya runtse ido ɗaya, ya juya maganar kamar mai tayin goro, sannan ya ba ka ɗaya cikin kalmominsa uku. In ya ce riskiyo, da sauƙi, je ka yi. In ya ce ferikolo, yi alwala tukuna. In kuwa ya ce rafantaliyo, to ka bar wasiyya.

Ƙanen mahaifiyata ne, kuma ba wanda ya sha wuyar kalmomin nan kamar ni, don haka ni zan ba da labarin.

Yana saurayi ya yi aiki da wasu Italiyawa masu gina hanya. Shi ne mai ɗaga jar tuta a wurin fasa dutse. Injiniya ya yi gargaɗi da Italiyanci, foman ya maimaita da Turanci, Kawu ya kwarara wa leburori da Hausa su gudu. Shekara tara yana wannan. Ya fito bai iya roƙon ruwan sha da ko ɗaya cikin harsunan biyu ba, amma ya san hanya goma sha wani abu ta cewa "za ka halaka mu". Duk ya rubuta su a wani littafi mai baƙin bango.

Ranar sunan jikarsa a Yelwa na tsayar da keke, na ce, "Kawu, shigo mu tafi."

"Abu mai ƙafa uku? Ko jaki huɗu Allah ya ba shi. Rafantaliyo."

Ya taka da ƙafa. Ya iso bayan la'asar, an riga an kife tukwane. Na ce to ga shi ya rasa naman.

"Na rasa nama. Amma ƙirga ni ki gani, Hajara, ba abin da ya ragu."

Ashe a hanya ya tsaya ya sha furar da ta wuni a rana. Kwana uku yana zarya tsakanin tabarma da bayan gida. Na ce, "Wannan fa, Kawu?" Ya ɗago kai da kyar ya ce, "Riskiyo ne. An yarda da shi." Har yau ban gane da wane ma'auni yake awo ba.

Ni kuwa shekara goma sha tara ina dafa abinci a makarantar kwana ta 'yan mata. Da shugabar kicin ta yi ritaya, kowa ya san kujerar tawa ce. Sai aka ce ba mai hawanta sai da takardar shaidar karatu, in ba haka ba a ɗora min wata yarinya da ba ta san ruwan da buhun wake ke sha ba. Ina da jika biyu na shiga ajin manya na yamma. Mijina ya yi dariya har da tari. Na ce ya ci gaba, tuwon dare na hannuna.

Hausa da lissafi na kama su. Turanci ne ya tsaya min a wuya. Nan Kawu ya naɗa kansa malamina, ba wanda ya roƙe shi.

"Ce hazad."

"Hazad."

"Ce azardo."

"Mene ne bambancinsu, Kawu?"

"Ɗaya na foman ne, ɗaya na injiniya."

"Wanne za a tambaye mu?"

"Riƙe duka. Ba a shiga wurin dutse da gargaɗi ɗaya."

Ya ce na hannun dama a littafin Turanci ne, na hagu Italiyanci. Da muka kai shafi na huɗu ya ce a nan ya juya su, don ranar biro ɗinsa ya ƙare. Ban ga abin da ya haɗa biro da wannan ba. Na haddace endenja da jofadais, na haddace kwamfaramais da kwamfarametare, kaina ya zama kamar tukunyar da aka juye wa ragowar miya bakwai.

Ranar jarrabawa aka ce kowa ya rubuta layi goma a kan aikinsa. Na ce yau ga ranata. Na rubuta wuta, na rubuta wuƙa, da tafasasshen mai, da tukunyar gas. Kowanne na ba shi kalmarsa, wanda ya fi muni na ba shi biyu. Na cika shafi har na juya baya.

Na faɗi.

Malamarmu, Malama Rifkatu, ta kira ni gefe. "Mama Hajara, mai duba takardu ya kawo min taki, ya ce ko yaren garinmu ne. Na ce ni ma ban san shi ba. Wa ke koya miki a gida?"

Saura wata huɗu a naɗa shugabar kicin, jarrabawa kuma sai baɗi. Na je na zazzage wa Kawu duk abin da ke cikina, ban rage ba. Washegari ya sa babbar riga, ya taka har ofishin masu jarrabawar, ya zauna gaban jami'in ya buɗe littafi. Malama Rifkatu na wurin, ita ta ba ni labari. Ya fara daga shafi na ɗaya. Ana kiran azahar yana shafi na shida. Jami'in ya ce, "Baba, akwai 'yan ajin safe da za su zauna tasu nan da wata uku. In na sa sunanta a ciki, za ka tafi?"

"Saura shafi biyar."

"Na sa, Baba. Ga shi ina rubutawa."

Malama Rifkatu ta kafa sharaɗi: wata ukun nan Kawu ba zai koya min ko harafi ba. Ya yarda. Amma kullum da yamma sai ya zo ya zauna a bakin ƙofata ina karatu. Ina ganin leɓensa na motsi, kalma ta taso masa, ya haɗiye ta da guntun goro. Mutumin da ba a taɓa rufe wa baki ba, wata uku cur.

Sakamako ya fito yana kwance, jiki ya ƙi. Na zauna a gefen gadonsa na karanta masa takardar da kaina, na gaya masa kujerar ta zama tawa.

"Ta nawa kika zo?"

"Ta tara, Kawu."

"Kalmomina nawa kika sa?"

"Ko ɗaya."

Ya gyaɗa kai. "Shi ya sa ta tara."

Bai kai sati biyu ba bayan nan. Na yi masa faɗa fiye da yadda ya kamata 'ya ta yi wa kawunta, kuma da zai dawo yau da na ƙara. Amma duk Ƙofar Ran, shi kaɗai ne ya ga kaka riƙe da fensir bai ga abin dariya ba. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya yafe min kaifin bakina a kansa, ya saukar da shi inda ba abin tsoro. Amin.