Abin da ke tafiya a falona

Jiya bayan la'asar na sake duba alamar da na yi da alli a jikin gilashin. Abin ya matsa yatsa huɗu.

Ɗana Habibu ne ya kafa tankin gilashi mai ruwan gishiri a falona, nan Gyadi-Gyadi, ya saka wani murjanin teku mai kama da naman kaza. Sati uku ina cewa yana motsi, 'ya'yana suna raɗa wai Baba ya fara ruɗewa. Har maganar kai ni asibiti suka fara. Don ban yi boko ba, idona ma ƙarya yake?

Na kira Habibu. "Zo ka duba. Wa ya ruɗe?"

Ya yi dariya. "Baba, ai dabba ce, takan ɗan ja jiki ta bi haske."

"To fitilar tana can. Me ya kawo ta gefen kujerata?"

Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon gilashin.

Yanzu ba mai zancen asibiti. Amma ba mai zama falon, sai ni da ita. Ku da kuka yi karatu, me take nema a wajena?