Uwar da Ta Ƙi Faɗin Sunan 'Yarta

Da na dawo Karaye da diflomata ta aikin kula da walwalar jama'a, kaina ya yi girman da da ƙyar yake shiga ƙofar ofis. A ofishin akwai wata Hajiya da ta tsufa tana sasanta rigingimun riƙon yara, alhali firamare kawai ta gama. "'Yar takarda" take ce mini. Ni kuwa a raina gani nake zamaninta ya wuce.

Aikina na farko na wata yarinya ne 'yar shekara huɗu. Aure ya mutu, uwar ta koma gidansu a wani ƙauye kusa da Yammedi. Uban, mutumin Rogo Ruma, ya kai ƙara cewa ba ta kula da 'yar, a ba yayarsa ta riƙe. Alƙali ya nemi rahoto daga ofishinmu. Hajiya tana fama da ciwon ƙafa, sai aka tura ni ni kaɗai.

Na samu uwar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Bayan gaisuwa na zaro fom irin wanda aka koya mana a makaranta. Shin uwa tana kallon yaro? Tana kiran sunansa? Tana jawo shi jikinta?

"Yaya sunan yarinyar?" na tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai. Kakar yarinyar ce ta faɗa daga bakin murhu. Can yarinyar ta zo ta jingina da uwar, ita kuwa uwar ta ɗan ture ta. Awa guda na yi a gidan, ko sau ɗaya ba ta dube ta ba. Na rubuta da Turanci mai kyau cewa babu shaƙuwa a tsakaninsu. Har daɗin aikina na ji.

Kafin Hajiya ta warke, rahoton ya tafi. Na fassara mata kwafinsa ina jiran yabo.

"Yarinyar ta fari ce?" ta tambaya.

Na ce e.

"To ke ta nawa ce a ɗakinku?"

Ni ce ta fari. Har yau mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, "waccan" take cewa, kuma a gaban baƙi ko kallona ba ta yi. Kunyar ɗan fari ce, a cikinta na tashi. Amma shekara biyu ina aji ba wanda ya ambace ta, fom ɗin ma ba shi da layinta. Abin da yake ƙona mini rai har gobe shi ne ba jahilci ne ya ja mini ba. Na san abin sarai, takarda ce ta sa na tuɓe sanina a bakin zaure na shiga da biro.

Muka rubuta gyara, muka yi ta zarya, aka ce alƙali ya riga ya ba yayar uban riƙon yarinyar, bakin alƙalami ya bushe, sai dai a ɗaukaka ƙara. Mahaifin uwar ya ce su ba sa ja da hukuma.

Ranar da za a tafi da yarinyar, ni da Hajiya muka je. Uwar ta miƙo ƙullin kaya, idonta a ƙasa.

"Hajiya, don Allah a gaya musu waccan ba ta shan kunun tsamiya, amai yake sa ta. Tana tsoron raguna. In za ta yi barci kuma sai an riƙe mata ɗan yatsa."

Hajiya ta juyo ta dube ni.

"Rubuta mana, 'yar takarda, tunda ke kika iya rubutu."

Na duba fom ɗin sama da ƙasa, babu inda zan sa wannan. Na juya bayansa na rubuta.